Shirun da Ta Yi a Ɗakin Haihuwa

'Yata ta fari, wadda har yau bakina ba ya iya kiran sunanta, ta dawo gidanmu goyon ciki da damina. Ni na dage a kai ta asibiti idan naƙuda ta zo, tunda a can take zuwa awo. Uwarta ba ta musa ba. Sai dai kullum huɗubarta ɗaya ce: 'yar mutunci ba ta ihu a kan gwiwa. Haka aka gaya wa uwar, haka kuma ta haifi 'ya'yanmu duka, ina tsakar gida ban taɓa jin ko nishinta ba.

Ranar Juma'a ce naƙudar ta zo, hanya ta cushe da motocin shanu saboda kasuwa. Da hantsi muka isa. Aka shige da ita, aka tsayar da uwar a baranda, ni kuwa aka nuna mini gindin darbejiya inda maza ke zama.

Abin da ya faru a ciki, yarinyar ce ta gaya wa uwarta, ita kuma ta gaya mini. Ɗakin a cike yake, ungozomomin asibitin kuma ba su da yawa. Matar da ke gadon kusa tana ta kururuwa tana kiran iyayenta, duk suka taru a kanta. Tawa ta cusa gefen zani a baki ta cije. Ɗaya daga cikin ungozomomin ta leƙo ta ce, "Ke amarya, da sauranki. Mai naƙudar gaske ba ta kwanciya lamo kamar mai jiran a kawo mata shayi." Suka yi dariya. Yarinyar ta so ta ce tana jin kan jaririn ya sauko, kunya ta hana ta.

Ba a duba ta ba sai bayan an sauko daga masallaci. Da aka ɗaga zanin, sai guje-guje, sai neman likita. Namiji ne. Ya daɗe a hanya, bai zo da rai ba.

Likitan ya fito ya same ni. "Baba, sai haƙuri. Amma me ya hana ta magana?"

Na ce, "Likita, wanda bai yi magana ba, ba a duba shi?"

Ya dafa kafaɗata ya koma ciki.

Haƙuri na yi, dama na saba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman gaisuwa. Na dawo daga binne jikana, ina jin mata ta bayan katanga suna yabonta: "Kai, yarinyar nan jaruma ce, ko uffan ba ta ce ba. Ta yi gadon uwarta."

Yanzu tana da wani cikin. Uba ba ya irin wannan magana da 'yarsa, don haka na ce da uwar, "Ki gaya mata wannan karon ta yi ihu, har na gindin darbejiya su ji."

Sai ta ce, "Malam, da wane bakin?"

Watan haihuwa ya kama. Har yanzu ba wanda ya gaya mata.