Doña Herminia da Karkatattun Haruffa

Shekara talatin da ɗaya Doña Herminia ta yi a birnin Guadalajara tana yi wa littattafan koyon kwamfuta kwalliya, ita da ko jan baki ba ta taɓa shafawa ba. Injiniyoyi su rubuto shirmensu, ita ta gyara masa zama. Dokokinta uku ne, kuma ko marigayi mijinta bai ga irin biyayyar da take yi musu ba: abin da za ka danna, haruffa masu kauri; abin da za ka kwafa yadda yake, haruffan tafireta; abin da za ka cire ka sa naka, karkatattu.

Sai ido ya fara cin amanarta. Karkatacce da miƙaƙƙe suka zama uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi gum, don ta san ranar da aka ji, ranar kujerarta za ta yi sabon mai zama. Ta koma aiki da ka, hanci manne da allo.

"Doña, sumbatar kwamfutar kike yi?" in ji shugabansu, Injiniya Rigoberto, yana cin gurasa da nama a kan takardunta.

"Ta fi ka tsafta, ɗan nan. Kwashe maiƙonka."

A wani littafi, shafi na tamanin, akwai umarnin goge faifan kwamfuta. Sunan faifan misali ne kawai, ya kamata ya karkata. Ta bar shi a miƙe. Wata ma'aikaciyar asibitin ƙauye, baiwar Allah mai bin doka, ta kwafe shi harafi da harafi, ashe sunan faifan asibitin ke nan. Bayanan marasa lafiya na shekara shida suka bi iska.

Rigoberto ya kira Herminia ofis, ya miƙa mata takarda mai layi biyu.

"Wanne ne karkatacce?"

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Ina wannan aikin kana tsotson yatsa!"

"Wanne, Doña?"

Ta daɗe tana kallo. Ta nuna na sama.

Ya sunkuyar da kai. "Duka biyun a miƙe suke."

Ta ɗauki jakarta da kofin gahawarta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ku sake buga shafin. Kuma ku gaya wa matar nan ba laifinta ba ne, daidai ta karanta."

Ba wanda ya biyo ta. A tashar bas ta tsaya tana tambayar mutane lambar motar da ke tahowa.