Miyar da Muka Dafa wa Iliya

A gidanmu na Gaya, can unguwar da ke kusa da hanyar Tunuga, in an yi sallar isha'i lokacin ɗari Kaka takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta da zannuwanmu. Tatsuniyoyinta sun fi a ƙirga, kuma na manta da yawansu. Guda ɗaya ce ko a kabari aka tashe ni zan faɗe ta.

Ina da shekara takwas a lokacin, kuma ni ce uwar ɗakin girkin wasanmu a bayan rumbu. Gwangwanayen tumatir ne tukwanenmu, duwatsu uku murhu, tuwo kuma na ƙasa. Rabi, ɗiyar baffana, ita ke zuwa kasuwa, wato ta tsinko ganyaye a bakin shinge. Ƙanena Iliya, mai shekara uku, shi ne maigida. Mu kai masa akushi, ya yi kamar yana ci, ya shafa ciki, mu fashe da dariya.

Ranar nan sai ƙasa ta gundure ni. Na ce yau miyar gyaɗa za mu yi ta gaske. Na fasa busassun 'ya'yan bini-da-zugu na shingen maƙwabta, ga ƙwaya fara tas, sai ka ce gyaɗa. Na daka a kan dutse, na dama da ruwa, har na saci ɗan sukari a ɗakin Inna na barbaɗa. Na kai wa maigida, na juya ina kwashe tuwo. Ko da na waiwaya, gwangwani fes, yana lasar yatsa.

Bayan la'asar amai ya kama shi, sai gudawa. Kafin magariba idanunsa sun faɗa, ko kuka ba ya iyawa. Inna ta saɓa shi a baya, Baba ya tare kabu-kabu, suka nufi likita. Ni kuwa na tona rami a bayan rumbu na binne gwangwanin, na ce wa Rabi in ta buɗe baki sai na fasa mata shi.

Ana idar da isha'i Baffa Mamman, wanda ya bi su a kan babur ɗinsa, ya dawo a guje, ko babur ɗin bai kashe ba.

"Manjo, babban malamin likita, ya ce a tambayi yara abin da ya ci. Ya ce in ya san abin, ya san inda zai dosa. Ku faɗa mini yanzu, ko in karyo tsumagiya!"

Wallahi ina so in yi magana, amma tsoro ya hana ni. Abin da kawai nake ji a raina shi ne, in na faɗa, kowa zai ce Dije ce ta kashe ƙanenta.

"Mamman, kashe mashin ɗin nan ka zauna," in ji Kaka.

"Inna, yaron fa yana can rai a hannun Allah!"

"Na sani. Angona ne, na fi ka son shi. Zauna."

Ta tura kara cikin wuta, ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka amsa da muryoyi kamar na marasa lafiya.

Ta ce wata 'yar kurciya ce take wasan girki a gindin kuka da ƙanenta. Ta tsinko wani ɗan itace mai kyan gani ta dafa masa, don tana son shi, tana so ya ce ta iya miya. Ya ci, ya faɗi. Aka ɗauke shi sai gidan zalɓe a bakin kogi, wanda babu ciwon da ba shi da maganinsa cikin burgame, jakarsa ta fata. Sai dai burgamen zalɓe ba ya buɗuwa sai an kira sunan abin da aka ci. Uwa ta kira gero, shiru. Uba ya kira shinkafa, shiru. Kowane suna aka kira ba daidai ba, sai gashi guda ya faɗo daga fiffiken ɗan tsuntsun. 'Yar kurciya na tsaye a baya tana kallo, ta san sunan, tsoro ya hana ta. Gashi ya yi ta zuba har ya rage saura ɗaya.

Nan Kaka ta tsayar da tatsuniyar, ta ɗauki tsinke tana tona toka. Baffa sai kaɗa ƙafa yake yi.

"Sai me ya faru, Kaka?" wani daga cikin ƙanana ya tambaya.

"Ban sani ba, ɗan nan. Iyakar abin da ke wurina ke nan. Sauran yana bakin ɗaya daga cikinku."

Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da ta dube ni, ina jin da na ƙara ƙulle baki. Sai kawai na ji muryata ta fito cikin kuka: "Bini-da-zugu ne! Ni na daka masa!"

"Nawa?" in ji Kaka.

"Cikin tafi ɗaya."

"Madalla da ke. Tashi ki nuna wa baffanki."

Na tono gwangwanin da hannuna, Baffa ya haɗa da 'ya'yan itacen ya tayar da babur. Kwana biyu Iliya ya yi ana masa ƙarin ruwa. Ran na uku aka dawo da shi ya rame kamar tsinke, yana neman fura.

Na ɗauka an kashe wasan girki har abada. Ina! Ranar kasuwa Kaka ta sayo mana 'yan tukwane na yumɓu da ƙaramin turmi, ta maido murhunmu gaban ɗakinta. Takan ba mu tsakin gero, ganyen rama, ɗan gishiri, wani lokaci kan busasshen kifi. Ta raba mana aiki: wannan mai tuwon tasha, wannan direba da ya sauka da yunwa, wannan mai awo. Ita ce baƙuwar farko kullum, kuma ba ta karɓar akushi sai mai girki ta lissafa mata duk abin da ke ciki. In miya ta yi ruwa ta ce, "Wannan ai ko kwaɗo sai ya yi iyo," mu yi ta dariya.

Yau 'ya'yana uku ne, kuma murhun wasansu yana inda idona ke kaiwa. Na gane cewa yaro ɗan shekara uku bai san iyakar wasa da gaske ba, abin da yayarsa ta miƙa masa abinci ne. Na kuma gane cewa yaron da ya yi ɓarna ya riga ya tsorata, in ka ƙara masa tsoro gaskiyar ce take ƙara nutsewa. Amma ina da zafin hannu, ba zan ɓoye ba, kuma na daɗe ina mamakin yadda tsohuwar nan ta iya zama tana tatsuniya jikanta na kwance a likita.

Bayan na yi aure na tambaye ta. Tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ke dai ba ki da wayo har yau. Kina tsammani ban tsorata ba? Da na bar Mamman ya karyo tsumagiya, da kin yi ta kuka har asuba. Shi kuwa Iliya ba shi da har asuba."