Ranar da Shanu Suka Ja Motata

Har in bar duniya ba zan manta ranar da aka fara miƙa mini makullin motar ɗaukar kaya, kanta, ba. Mai motar, wani Alhaji mara son magana, ya ce in ɗauko albasa daga wani ƙauyen bakin ruwa a ƙasar Ngaski, in kai kasuwar Yawuri kafin manyan motocin kudu su gama lodi. In na kai, mota ta zauna a hannuna. In ban kai ba, in koma gona. Ni kuwa na riga na yi wa fartanya rashin mutunci a gaban jama'a.

Aka yi lodi, na ƙwama baƙin gilashi, hannu ɗaya a waje. Lokacin ruwa ya ja baya, sai na hango fili fetal, ya bushe har ya tsattsage, ga sawu ya ratsa shi. Na ce wa zai tsaya zagaye? Wata tsohuwa mai shanyar kifi ta ɗago mini hannu.

"Ɗana, ƙasag ga sama ɗai ta bushe. Hanyar jakai ce."

Na ce, "Inna, wannan ba jaki ba ne." Har da danna mata hon, don iya shege.

Gaskiyata kuwa, da jaki ne da ya wuce. Ban yi nisa ba ƙasa ta burma, tayoyin baya suka nutse cikin laka. Na ƙara wuta, mota ta ƙara zama kamar ta zo gidan ubanta. Wallahi kuka ne kawai ban yi ba.

Tsohuwar nan ce ta aika aka kira manoma. Muka sauke buhunan a ka, aka ɗaura shanun huɗa huɗu suka fizgo motar, mata na rangaɗa guɗa. Na isa kasuwa saura motar kudu ɗaya, laka har kunnena, labari kuma ya riga ni zuwa.

Na miƙa wa Alhaji makulli da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya ce direbansa na baya da ya kafe a wurin nan, barin kaya ya yi ya gudu.

"Kai wawa ne, amma ka zo da albasata. Je ka wanke mota."

Yau, duk ƙasar da ban sani ba sai na sauka na tattaka ta da ƙafa, na tambayi wanda na tarar a zaune. Lasisi bai san inda laka take ba, masu wurin ne suka sani.