Ranar da Goggo Ozella Ta Ce Eh

Shekara arba'in da ɗaya Goggo Ozella Crumpton tana jefa ƙuri'a a jihar Alabama, kuma a iya sanina ba ta taɓa amincewa da gyara ko ɗaya ga kundin tsarin mulkin jiha ba. 'Yan takara takan zaɓe su a natse. Amma da ta juya bayan takarda, inda ake jera gyare-gyaren, sai ta bi layi daga sama har ƙasa tana cike gurbin A'a, kamar mai shuka wake.

"Abin da ban gane ba, ba na sa masa hannu," in ji ta. "In alheri ne, me ya sa lauyoyin gwamnati na Montgomery suka nannaɗe shi haka?"

Ita ta dafa abincin makarantar garinmu shekara talatin, ni kuma a can na koyar da kimiyya. Farfesa take kirana, ba lallai don girmamawa ba. Duk Lahadin ƙarshe kafin zaɓe, in an tashi daga coci, takan tsaya gefen teburin soyayyen kifi da burodin masara tana raba samfurin takardar ƙuri'a da ta cike da hannunta. Waɗanda ta ciyar sun girma, sun watsu Birmingham da Mobile da Huntsville, kowa ɗauke da koyarwarta.

Na sha yi mata gardama. "Goggo, na uku fa don gyaran gadoji ne."

"To su gyara mana, wa ya riƙe musu hannu? Ci kifinka, Farfesa, boko duk ya ramar da kai."

'Yata Corinne ta rasu a watan Maris, tana da shekara ashirin da shida. Ciwon asma ne ya taso mata da rana tsaka a ɗakin girkinmu. Motar asibiti mafi kusa tana gundumar da ke maƙwabtaka da mu. Ta iso bayan minti hamsin da biyu. Na duba agogo, shi ya sa na sani.

Gundumarmu ba ta da ikon kafa tashar motar asibiti ta kanta sai an gyara kundin jiha, kuma da yake wani ɗan majalisa ya ƙi amincewa, dole jihar gaba ɗaya ta kaɗa ƙuri'a a kai. Batun ya fito a takardar ƙuri'a a matsayin Gyara na Bakwai, layi tara na maganar lauyoyi. Mutanen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba su za su yanke mana hukunci. Na san yadda suke yi da abin da ba su gane ba, na kuma san wadda ta koya wa wasunsu.

Ban je wurin Goggo ba. Ita ta zo gidana wata Asabar, da kwanon dankali a hannu, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Karanta min na bakwai."

Na karanta. Ta ce in sake. Na sake.

"Har yanzu ban ji komai ba. Faɗa min da bakin mutane."

"Motar asibiti za ta riƙa zama a bayan gidan waya. Minti shida daga nan."

Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin girkin. Sannan ta ce, "Yarinyar nan ba ta cin kuɓewa. Shekara shida a makaranta ina ɓoye mata ita a miya, tana tsincewa."

Washegari ta ɗauko littafin lambobin waya na coci. Mako uku tana kira. Na ji ɗaya da kunnena.

"Kai Delmus, goggonka ce. Na bakwai, ka ce Eh." Ta saurara kaɗan. "Na san abin da na koya maka, ja'iri! Ni na faɗa, ni na janye. Sauran duka A'a, kada ka ɗauka an buɗe ƙofa."

Wata 'yar ƙanwarta a Mobile har ta buga wa fasto waya, wai ya leƙa ya ga ko tsufa ne ya fara taɓa ta.

Ranar zaɓe ina bayanta a layi. Ta shiga, can sai ga ta ta fito fuska a murtuke, ta miƙa wa ma'aikaciyar zaɓen takardarta.

"Ba ni sabuwa. Wannan ta lalace."

"Lafiya, Goggo? Ke da kike gamawa kafin mutum ya zauna?"

"Hannun ne. Ina kallonsa ya wuce na bakwai da A'a. In kika yi dariya, sai na faɗa wa uwarki."

Aka ba ta sabuwa. Wannan karon da na bakwai ta fara.

Gyaran ya wuce, da ƙyar. Ba zan ce wayarta ce ta yi aikin ba: mutum sittin da uku ta kira, ratar kuwa ta fi haka nesa. Ita dai ba ta da wannan shakkar, ni kuma na daina gyara mata lissafi.

Motar tana bayan gidan waya yanzu. Na gwada hanyar da motata, minti shida ne. Goggo Ozella tana ƙorafin jiniyar motar ta hana kajinta ƙwai. A zaɓen da ya wuce gyara tara aka kawo, ta ƙi su duka.