Kawu Gwadabe da Gaiwar Bango

A ƙauyenmu, can bayan Jahun, idan aka ce gaiwa to Kawu Gwadabe ake nufi. Yayan mahaifiyata ne, dogo, marar yawan magana, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganinsa ya jefa koma a ruwa ba. Shi a busasshiyar ƙasa yake kamun kifinsa.

Gaiwa dai ba kamar sauran kifi take ba. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙin jikinta, ta kwanta tana jiran damina. Da rani Kawu yakan je tsakiyar tafki da ƙwarya da fartanya. Ya kifa ƙwaryar a ƙasa, ya riƙa kaɗa ta da yatsu a hankali kamar saukar yayyafi. Gaiwar da ke ƙasa sai ta zaci ruwa ne ya zo, ta yi wani gurnani mai kama da kukan jariri. Nan zai sa fartanya.

Amma akwai kusurwar gabas da bai taɓa haƙa ba, kuma bai yarda wani ya haƙa ba. Nan ne wurin iri. Daga nan tafkin ke sake cika da gaiwa duk shekara, haka ya gada wurin mahaifinsa. Mun sha tsokanarsa cewa ya fi kishin kusurwar nan a kan matarsa, Inna Safiyatu. Bai taɓa musawa ba.

Sai lokaci ya rikice. Da, tafkin kan riƙe ruwa har bayan an gama girbi. Yanzu kafin a kai dawa rumbu ya tsage. Zafi kuwa ba a magana. Shekarar da aka yi ambaliya, ruwa ya zo lokaci guda kamar da gayya, ya rushe rabin gari har da ɗakin Kawu, sannan ya tafi ya bar mu da tafki busasshe.

Bayan ambaliyar Kawu ya kwanta rashin lafiya, ya tafi jinya wurin 'yarsa a Dutse. Ɗansa Kamilu, mutumin kirki ne amma akwai gaggawa, ya ce sai ya tayar wa Baba ɗaki kafin ya dawo. Bai tsaya kwaɓa ƙasa ba. Ya je inda laka ta fi kyau, wurin da fartanya ba ta taɓa shiga ba, ya sari laka gunduma-gunduma ya jera su, ya yaɓe. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don duk garin mun gani, ba wanda ya ce masa kul.

Kawu ya dawo ya ga ramin da aka yi a kusurwar gabas. Ana haka aka yi wani ruwa tun bazara ba ta kama sosai ba. Sauran gaiwar da ke tafki suka fasa suka fito, rana ta shanye ruwan kafin mako ya zagayo, shirwa ta kwashe su muna kallo. Kawu ya bi tafkin da ƙwaryarsa gefe zuwa gefe. Shiru.

Wata ranar da azahar ina gidan, Inna Safiyatu tana zuba gero a ƙwarya a jikin sabon ɗakin, ƙararsa kamar yayyafi. Sai muka ji kukan jariri, siriri, daga cikin bango. Wani ya amsa daga sama kusa da rufi, wani daga bayan ƙofa. Gidan ba jariri. Inna ta saki ƙwaryar tana salati.

Kawu ya fito, ya ɗora kunnensa a bangon ya daɗe.

"Ba aljanu ba ne, Safiyatu," ya ce. "Irin ne. Tare nake kwana da su ban sani ba."

Kamilu ya ce, "Baba, damina na tafe. In ka rushe, ina za ka kwanta?"

"Su ma tambayar da suke yi ke nan."

Da hannunsa ya sauke ɗakin, gunduma bayan gunduma, yana ɗorawa a amalanke kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya mayar da su ramin kusurwar gabas, ya rufa musu ciyawa. Shi kuwa ya koma zaure da tabarmarsa.

Damina ta yi jinkiri. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ya yi ta rugumi, ya wuce. Kullum da la'asar Kawu na zuwa ya kaɗa ƙwarya ya ji ko suna nan. Da fari muryoyin na da yawa. Sannu a hankali suka riƙa raguwa.

Ranar da na raka shi, ya kaɗa ya kaɗa, murya ɗaya ce ta amsa, can ƙasa, da kyar. Tausayi ya kama ni, na ce, "Kawu, ƙara kaɗawa mana, ko akwai wata."

Ya girgiza kai, ya ɗauke ƙwaryar ya sa a hammata.

"Duk lokacin da na kaɗa, tashi take ta zaci ruwa ne, ƙarfinta ya ragu. Sama tana yi mata ƙarya, ni ma ina yi mata. Ya isa."

Bai sake kaɗawa ba. Yana dai zuwa ya zauna a bakin ramin, bai san ko mai rai yake gadi ko gawa ba.