Amsar Tambaya ta Bakwai

Ko zan manta komai na aikin koyarwa, ba zan manta jarrabawar da na shirya wa 'yan ajina a Sokodé ba, shekarar da na ɗauki kaina gwanin zamani.

Faransanci nake koyarwa a wata lakwal, wato makaranta, a unguwar Kpangalam. Sauran malamai suna ta wahalar tonon tsofaffin littattafai don neman nassin jarrabawar fahimtar karatu, ni kuwa na samu manhaja a waya. Na ce mata ina son labari mai sauƙi kan kiwo. Kafin shayina ya huce ta kawo min wani kan kasuwar dabbobi, har da tambayoyi bakwai. Na cire ta ƙarshe don kada a ce ban yi komai ba.

Da na yi maki, sai ga ashirin bisa ashirin kamar ruwan sama. Har 'yan bencin baya, waɗanda ba sa buɗe littafi sai don korar ƙuda, sun zama shehunai. Da wani mai hankali ne, da ya yi shakka. Ni kuwa na kwashi takardun na kai wa direkta, ina tafiya kamar wanda ya ƙirƙiro Faransancin.

Direkta ya duba, ya duba, ya ce, "Malam, tambaya nawa ka yi?"

"Shida, ranka ya daɗe."

"To, wannan baiwar Allah ta amsa bakwai."

Aka kira yarinyar, 'yar wani mahauci ce, mai kunya. Ta sunkuyar da kai, ta kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci, ta ce, "Mushe, ɗiyar kawuna ce a Dapaong ta turo min labarin da amsoshinsa. Malaminsu ya ba su shi makon jiya. Na zaci mantawa kuka yi da ta bakwai, shi ne na taimaka."

Ta taimaka! Ashe manhajar da nake ɓoyewa kamar laƙani, abin da ta ba ni shi take ba duk malalacin da ya tambaya. Yarinyar kuwa, da yake ba ta da rowa, ta raba wa aji duka.

Aka soke jarrabawar, direkta ya sa na bayyana wa iyaye dalili da bakina.

Har yau ina amfani da manhajar, amma tambayoyi da kaina nake rubutawa. Na koyi cewa malamin da ya kwafo jarrabawa ba shi da bakin hukunta ɗalibin da ya kwafo amsa.