Sunan Garin Mai Faci

Kamfanin motocin alhazai ne ya ɗauko ni daga Kano zuwa Madina, aka zaunar da ni a wani ɗaki marar taga a bayan gareji, kusa da Bi'ir Ali, in riƙa kula da kwamfutoci da shafinsu na intanet. Motoci su shigo maƙil da mutane, su ɗaura harami su wuce Makka suna labbaika, ni ina nan kamar an dasa ni. Sai in wuni ban yi Hausa da kowa ba. Kaɗaici kam na sha shi, ba abin ɓoyewa.

Wurin mutum ɗaya nake samun sa'ida, wani tsoho mai facin tayoyinmu, Bahaushen Sudan. Hausarsa rabi Larabci ce, ga shi da tsiya. Ina ce masa Baba, yana ce min Bakano. Bayan La'asar nakan je ya zuba min shayi, ya zagi Kanawa, in rama.

Rannan zaman banza ya kai ni karanta tarihin sunayen intanet, na kwaso na kawo masa. Na ce kowane shafi da sunansa, rajista ake yi, wanda ya riga shi ke da shi. Na farkon duka wani kamfani ne a Amurka mai ƙera kwamfuta, tun ban san damana da haguna ba, sannan wasu 'yan tsiraru irinsa suka biyo baya. Shi na farkon ya karye, an rufe masana'anta, ma'aikata sun watse. Amma sunan, ko yau ka rubuta shi zai buɗe.

Baba ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa. "Kamfanin ya mutu?"

"Murus."

"Sunan kuma yana nan?"

"Daram. Wasu sun saye shi, suna nuna wa mutane."

Ya koma kan tayarsa.

Bayan kwana biyu sai ga shi a ɗakina, shi da bai taɓa leƙowa ba, yana goge hannu da tsumma. Ya ce so yake in yi wa garinsu rajista. Kakanninsu ne suka taso aikin hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka yada zango, zango ya zama gari. Can aka haife shi. Fari ya fara korar mutane, yaƙi ya ƙarasa, yanzu ko kaza babu. 'Ya'yansa haihuwar nan ne, suna aiki a garin Yanbu, ya yi musu Hausa su mayar da Larabci. Burinsa ɗaya, kafin ya mutu ya ji muryar wani ɗan garin, wanda zai ambaci rijiyarsu ya san wacce ake nufi.

Na ce, "Haba Baba! Waɗancan fa kamfanoni ne, duniya ta san su. Wa zai zauna ya rubuta sunan ƙauyenku?"

"Ya Bakano, surutu na ce ka yi ko rubutu?"

Na rubuta. Sunan kuwa babu wanda ya kama, wa zai kama? Muka yi shafi fari fat, da sunan garin a sama, da layi ɗaya a Hausa da Larabci: duk ɗan garin nan ya yi magana, akwai ɗan'uwa a Madina. Na buɗe akwatin saƙo na haɗa. Ya sa na juyo masa fuskar kwamfutar, ya daɗe yana kallon haruffan, ko da yake boko bai taɓa haɗa hanya da shi ba.

Daga ranar na shiga uku. Kullum da safe, tun ban ajiye jaka ba: "An yi magana?" In ce ba a yi ba. Saƙo dai na shigowa, amma duk na 'yan talla ne, masu son gyara mana shafi, masu sayar da maganin ƙiba. Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Baba, in an yi magana ai ni zan nemo ka, ka bar ni in sha ruwa mana!" Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, mai nema yana tare da samu." Washegari ma ya tambaya.

Haka muka shekara, muka ƙara wata shekarar. A hankali tambayar ta koma ido, ya dube ni, in girgiza kai, ya zuba shayi. Ni kaina sai na tarar ina buɗe akwatin nan ranar Juma'a, ranar da ba aiki, ina kwance a ɗaki ni kaɗai. Garin da ban taɓa gani ba, amma shirunsa yana ci min rai.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a tsakiyar zafi, bai tashi ba. 'Ya'yansa suka zo daga Yanbu, aka sallace shi a Harami, muka kai shi Baƙi'a. Kamfani ya kawo sabon mai faci, mutumin kirki, sai dai ba mu da yare ɗaya, sallama ce kawai tsakaninmu. Da lokacin sabunta rajista ya zo na sabunta. Ban iya bari ta faɗi ba.

Bana, ana gab da azumi, saƙo ya shigo tsakanin tallace-tallace, har na kusa goge shi. Wata yarinya ce daga Chadi, da Larabci. Ta ce kakarta ba ta da zance sai wannan gari, ita kuma ta rubuta sunan a waya don ta nuna mata babu shi a ko'ina, sai ga shafinmu. Ta haɗo da murya.

Na kunna. Tsohuwa ce, muryar na rawa, Hausarta sak irin tasa. "Salamu alaikum, ɗan'uwa na Madina. Ashe da sauranmu? Ɗan gidan wa ne kai? Unguwar rijiya kuke ko ta masallaci? Ka yi magana in ji, ina nan zaune."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe zan nufi gareji ba. Sai da na kama ƙofa na tuna.

Na kira babban ɗansa na kunna masa a waya. Da muryar ta ƙare ya ce da Larabci in sake kunnawa. Na tambaye shi ta wace unguwa gidansu yake. Ya ce bai sani ba, ya ce uban ya sha faɗa, shi ne bai riƙe ba. Ni ma da na sha shayinsa shekara da shekaru, ban sani ba.

Tsohuwa dai tana can zaune. Na danna wurin ɗaukar murya na ce, "Wa alaikumus salam, Iya. Ba shi ba ne, ni Bakano ne, abokin zamansa. Ya jira ku, kullum sai ya tambaya. Allah ya yi masa rasuwa bara." Na tura mata haka.